Tsohuwar karar shanu ta Fort Worth: ka biya ɗan jagora, amma ka tafi da tambayoyinka

Duk wanda Allah ya kai Texas cikin mutanenmu na mayanka, ziyarar ɗa ce ko ta 'ya, sai an ce za a kai shi Fort Worth ya ga shanu. 'Ya'yanmu na can sun san sana'ar iyayensu, kuma wurin ba shi da nisa da Dallas da Arlington da Irving, inda da yawansu suke zaune. Shawarata ka je. Amma kada ka yarda a tsayar da kai bakin titi, a ɗauke ka hoto da sa, a mayar da kai mota. Ka sa a biya maka yawon ƙafa tare da ɗan jagora. A cikin abubuwan da aka kashe wa kuɗi ranar, shi ne wanda zan yarda a sake kashe wa, duk da cewa shi ma ina da magana a kansa.

Ni dillalin shanu ne a Kaase, nan Kumasi ta ƙasar Gana. Na tarar da mahaifina yana yi, shi ma ya tarar da nasa. Surukina ne ya kama mana wuri ta waya tun muna gida, muka shiga rukunin safe. Ɗan jagoran dattijon Bature ne mai malafa da takalmin fata mai dogon wuya, ya ce ya yi aikin dabbobi kafin gwiwa ta hana shi. Kuɗin mutum ɗaya bai kai na abincin rana a unguwar ba, yawon kuma ya ɗan haura awa guda. Turancinsa na mutanen Texas ne, ana jan magana ta hanci, wanda ya saba da Turancin Gana sai kunnensa ya ɗan zauna kafin ya kama. Inda ya kuɓuce mini, jikata ta mayar mini da Hausarta ta 'yan Amurka, muka lallaɓa.

Abin da ya fara saye ni shi ne da jirgin ƙasa ya buɗe magana, kaboyi sai daga baya. A gaban tsohon ginin ofisoshin dillalai ya tsayar da mu, wani farin gini mai baka-baka da jan rufi wanda aka gama a 1903, ya ce duk bulon da muke takawa dogo ne ya kawo shi. Da yaƙin basasar Amurka ya ƙare a 1865, Texas cike take da shanu babu mai saye, alhali a biranen arewa sa ɗaya yana iya yin ninki goma na farashinsa. Sai aka riƙa koro su a ƙasa wata da watanni zuwa Kansas, inda layin dogo ya tsaya, musamman garin Abilene daga 1867. Fort Worth ce zangon ƙarshe da masu kora suke sayen guzuri kafin su ƙetare kogin da ya raba Texas da ƙasar Indiyawan daji, wadda yau ake kira Oklahoma. Tsakanin 1866 da 1890 shanu fiye da miliyan 4 suka ratsa garin da ƙafa. A 1876 jirgin kamfanin Texas and Pacific ya iso, ko da yake kora zuwa Kansas ba ta tsaya nan take ba, sai aka fara kafa shingaye kusa da dogo. A 1893 wani attajirin Boston, Greenlief Simpson, ya sayi karar. Shi da abokan kuɗinsa suka gane cewa loda dabba da rai zuwa Chicago asara ce, tana ramewa a hanya, kana kuma biyan kuɗin ɗaukar ƙaho da kofato da tumbi. Suka jawo manyan kamfanonin nama biyu na Chicago, Armour da Swift, aka fara gini a 1902, aka fara yanka a 1903. Nama ya riƙa fita a taragu masu ƙanƙara.

Da ya ambaci 1903 sai na ɗaga hannu na ce masa a shekarar ce jirgin ƙasa ya iso garinmu daga Sekondi. Ya ce to ashe mu ma mun huta da kora. Na ce ina! Namu dogon zinariyar Tarkwa da Obuasi aka shimfiɗa wa, daga baya ya ɗauki koko da katako. Na Ankara, babban birninmu, ya haɗe da shi a 1923, amma ko taku ɗaya bai yi arewa da Kumasi ba, alhali daga arewa shanu suke fitowa. Saboda haka kakana ya ci gaba da tarbar garke da aka koro daga ƙasar Mosi, su ƙetare ruwa a Yeji, su yi zango a Prang, su bi Atebubu da Ejura da Mampong kafin su shigo. Abin da Texas ta bari tun kafin a haifi kakana, mu sai da tirela ta zo muka bari. Yau ta Paga suke shigowa, Bolga, Tamale, Techiman, yaran mota suna zaune a kan katako bisa ƙahonsu.

Inda kuɗina ya fita shi ne gadar katako da ke bi ta saman shingayen. A da, masu saye nan suke hawa su duba dabba daga sama ba tare da sun shiga cikinta ba. An rushe yawancin shingayen, amma wanda ya rage ya isa mai sana'a ya karanta. Ƙasan kowane shinge bulo ne aka jera, saboda haka ba laka da damina, kuma ana iya wankewa. Kowane yana da kwamin ruwa da wurin ciyawa. Tsakanin shingaye akwai lunguna masu faɗi ɗaya, kuma ƙofar kowane shinge daidai take da faɗin lungun. In ka buɗe ta, ita ce za ta tare lungun, sa ba shi da inda zai bi sai ciki. Mutum ɗaya a kan doki da wani a bakin ƙofa za su raba garke kashi uku ba ihu ba igiya. Na tsaya nan har rukunin ya yi gaba, jikata tana cewa, "Kaka, an bar mu." Duk wanda ya taɓa ganin yara shida suna kokawa da bijimi ɗaya, wannan ya riƙe wutsiya, wancan ya ɗaure ƙafa, wani kuma an riga an kai shi asibiti, zai san abin da na tsaya kallo. Ba wata na'ura a ciki. Katako ne da ƙarfen ƙofa da wanda ya zauna ya auna.

Daga lungunan hanya take miƙewa zuwa sikeli, daga sikeli zuwa gangaren da ke hawa da dabba mahautar kamfani, ko zuwa bakin tarago. A nan ɗan jagoran ya yi bayanin cinikin, na ga sana'ata ce sak, sai dai an sa mata riga. Makiyayi ba ya sayar da dabbarsa da kansa. Yana turo ta da sunan kamfanin dillalai, su karɓe ta, su ba ta ruwa da ciyawa, su ware manya da ƙanana, su yi ciniki da mai sayen Armour ko na Swift, su cire la'adarsu da kuɗin shinge, su aika masa da saura. Abin da mai gida yake yi wa baƙonsa Bafillace ko Bamoshe a wurinmu ke nan, har da ba shi masauki. Ciniki da baki ake ƙullawa, a tafa hannu, wanda ya warware magana kuwa ya gama sana'a a karar. Bambancin biyu ne, kuma su ne suka hana ni barci daren. Na ɗaya, su nauyi suke sayarwa: a yi farashi a kan kowane fam ɗari, sa ya hau sikeli, mai awo ya rubuta takarda. Mu ido ne da tafin hannu, ka latsa gindin wutsiya, ka kama tozo, ka faɗi kuɗi. Ina alfahari da idona, amma na san sau nawa baƙo ya koma arewa yana zargin an cuce shi, ba shi da takardar da zai nuna, ni ma ba ni da wadda zan kare kaina da ita. Na biyu, tun 1921 gwamnatin tarayyarsu ta yi doka da ke sa ido a kan la'ada da sikeli da yadda ake riƙe kuɗin mai dabba. Mu kuwa mahauci ya ɗauki sa bashi ya ce sai ya sayar, dillali ne a tsakiya, baƙo yana kwance a ɗakinka yana cin tuwonka har kuɗi su fito.

Shekarar da kasuwar ta fi cika ita ce 1944, lokacin yaƙin duniya na biyu, dabbobi fiye da miliyan 5 suka shiga, shanu da tumaki da aladu da dawaki da alfadarai. A yaƙin farko kuma sojojin Turai nan suke zuwa sayen dawaki da alfadarai, dogayen rumfunansu na bulo suna nan, an mayar da su kantuna da wuraren cin abinci. Abin da ya kashe kasuwar kuwa babbar mota ce da kwalta. Da makiyayi ya ga zai iya loda shanunsa ya kai gwanjon garinsu, ko mai saye ya zo har gona, sai ya daina biyan kuɗin tarago. Armour ya rufe a 1962, Swift a 1971. A 1976 aka sa unguwar cikin rajistar wuraren tarihi ta ƙasa, abin da ya taimaka aka daina rushe-rushe barkatai. Duk wannan dattijon ya faɗe shi a tsare, da shekarunsa, bai duba takarda ba.

Ga inda ya gaza. Ya ɓata kusan kashi ɗaya cikin uku na lokacinmu a kan 'yan fashi da gidajen giya da wani ɗakin otal da aka ce fatalwa tana fitowa. Sauran 'yan rukunin abin da suke so ke nan, suna ta dariya, ban ga laifinsu ba. Amma da muka zo gaban babban zauren wasan dawaki, wanda aka gina a 1908, inda aka fara yin gasar kaboyi a cikin rufi a 1918, akwai mutum-mutumin wani baƙar fata yana kokawa da sa. Jimla ɗaya ya yi a kansa zai wuce. Jikata ce ta tsayar da shi. Bill Pickett ne, wanda ya ƙago salon dira daga doki a kama ƙahon sa a kayar da shi. Masana tarihi suna ƙiyasta cewa a cikin kowane makiyaya huɗu da suka yi waccan kora, kusan ɗaya baƙar fata ne, da yawa 'yantattun bayi, ban da mutanen Meziko waɗanda a wurinsu ma aka koyi sana'ar. Da aka tambaye shi ya san duk wannan, ya kuma faɗa da kyau. Sai an tambaya ne kawai.

Wanda bai sani ba shi ne na mahauta. Ya nuna mana kangon Swift daga nesa da matakalar da ma'aikata suke hawa da asuba, shi ke nan. Dubban mutane ne suka yi yanka da fiɗa da gishirta fata a gine-ginen nan, baƙi daga gabashin Turai, 'yan Meziko, baƙaƙen fata, su suka cika unguwannin arewacin garin. Na tambaye shi sa nawa ake yankawa a awa, nawa mai fiɗa yake samu, la'adar dillali nawa ce a kan kai ɗaya. Ya ce in duba gidan tarihin da ke cikin ginin ofisoshin. Na duba, akwai tsofaffin hotuna da littattafan lissafi da kayan aiki, da wani ƙwan lantarki da yake ci tun 1908, wanda shi ne kowa yake ɗauka a waya. Mai doki da malafa yana da mutum-mutumi da waƙa da kanti. Mai wuƙa, wanda kuɗin ya fito daga hannunsa, ban ga inda aka tsaya a kansa ba. Ɗan mahauta da ya je zai ji wannan a jikinsa. Sannan yawon a bakin wani kantin tsaraba ya ƙare, ban ɗauka haɗari ba ne, kuma ana sa ran ka ɗan miƙa wa ɗan jagora wani abu bayan kuɗin da aka biya. Surukina ya ce al'adarsu ce. Ka riƙe 'yan canji.

Korar shanun da ake yi wa mutane shela kyauta ce, sau biyu a rana, 11:30 na safe da 4:00 na yamma, a titin East Exchange. Shanun ba su kai ashirin ba, masu doki suna gefe da baya, kafin ka gyara tsayuwa sun wuce. Fiɗiyayyu ne, manya, sun ƙoshi, sun san hanyarsu fiye da masu korar. Amma a duba su da kyau, don irinsu babu a wurinmu. Ba su da tozo ko kaɗan, bayansu a miƙe. Ƙahon Bororo sama yake tashi, nasu kuwa gefe yake tafiya, har wani ya fi tsawon mutum daga tsini zuwa tsini, na tsaya ina lissafin yadda za a shigar da goma a tirela ɗaya. Jikokin shanun da Sifaniyawa suka kawo ne, suka yi ɗaruruwan shekaru a daji, suka saba da ƙishirwa da doguwar tafiya. Da dogo ya zo aka daina buƙatar sa mai juriyar tafiya, aka koma ga mai saurin ƙiba, sai suka kusa ƙarewa, har gwamnati ta tara wani garke a Oklahoma a 1927 don kada irin ya ɓace. Da za a kawo mini ɗaya Kaase, Bunaji mai shekara huɗu zan fifita a kansa wajen nama. Wajen kallo kuwa ba a haɗa su.

Kantuna suna da yawa, kuma fata ce rabin kayansu. Ka juya kaya ka karanta inda aka yi shi, don a wani kanti na ɗaga bel uku, duka daga wata ƙasa aka kawo su, fatar kuma an manna ta ne a kan wani abu, da farce za ka gane. A wani kuma na tarar da masu ɗinkin takalmi da hannu, suna auna ƙafar mutum su rubuta a littafi, ya jira watanni. Aikin ya yi kyau ƙwarai, ɗinki a jere, fata mai kauri da laushi, kuɗin kuma sai ka zauna kafin a faɗa maka. Bel ɗaya na saya a wurinsu, yana ƙuguna yanzu, bai nuna alamar tsagewa ba. Na yi ta tunanin fatun da muke fitarwa kullum, waɗanda yawancinsu a tukunyar mai wake da shinkafa suke ƙarewa a matsayin ganda.

Abinci shi ne matsalar musulmi a wurin. Ƙanshin gashi ya cika titi, amma naman ba yankanmu ba ne, kuma a gidan da muka shiga murhu ɗaya ake gasa na sa da haƙarƙarin alade. Har waken da za ka ce ka tsira da shi an dafa shi da naman alade, sai da 'yata ta tambaya aka faɗa. Yarinyar da ta yi mana hidima ba ta ɓoye komai ba, ta shiga ta tambayo ko man da ake soya kifi daban yake, ta dawo ta ce daban. Na ci tarwada soyayya da garin masara da dankali. Ba laifi, sai dai babu yaji, wanda ya saba da shito zai ji kamar yana cin abincin asibiti. Gara ku ci a gida, ko ku bari sai kun koma Arlington ko Irving, inda gidajen abincin halal da masallatai suke da yawa. Ban ga wurin salla a unguwar ba, a gefen mota na shimfiɗa darduma, ba wanda ya kalle ni sau biyu. Da magariba ta gabato kuma wurin na masu giya da kiɗa ne, mai iyali ya kama hanya. In da hali a je tsakanin Oktoba da Afrilu, don zafin bazararsu a kan bulo ya fi na Bolga ciwo, ga shi inuwa kaɗan ce.

A ƙarshen mako wani tsohon jirgi mai taragun shekarun 1920 yana tasowa daga garin Grapevine ya shigo har cikin rumfunan da a da na tumaki da aladu ne, yanzu kantuna. Ban hau ba, amma na ga shigowarsa, na kuma ga faifan ƙarfen da ake ɗora kan jirgi a juya shi ya fuskanci inda ya fito. Jikata ta ce, "Kaka, Kumasi akwai jirgi?" Na ce akwai tasha a Adum, akwai dogo, mata suna baza gwanjo da tumatir a kansa, kuma manyan ɗakunan ajiyar kamfanonin Turawa da suka taso saboda shi suna nan ana ciniki a ciki. Ta ce wa yake zagayawa da mutane ya ba su labari? Na ce in ta zo hutu ni zan zagaya da ita, har Yeji in ta iya zaman mota.

In ka je, ka nemi rukunin safe don ka gama daidai korar 11:30, ka tambayi ɗan jagora tun farko ko yawon zai hau gadar shingaye, don an ce mini ba kowane yake hawa ba. Ka ɗauki ƙofofin hoto ta sama da ta gefe, har da maƙalar. Ni na kai nawa hotunan wa wani mai walda a Magazin na Suame, unguwar makanikai, ya ce da bututun ƙarfe zai fi sauƙi da katako. Ya auna shingena na bayan gari ranar Asabar, mun tsaya a kan ƙofa biyu da lungu ɗaya tukuna, sauran sai bayan babbar salla in ciniki ya yi kyau.